Ƙarar da Na Ji a Kwamfutar Malam Sahabi

Duk wanda ya shigo shagona da tsohuwar kwamfuta a hammata, kafin mu gama gaisawa na san abin da zai ce: a ƙara mata ram. Ban san wanda ya koya wa mutanen Talata Mafara wannan magana ba, amma ya iya koyarwa, don har tsofaffin da ba su san inda ake kunna ta ba sun haddace. Ku kuma samarin da kuka kafa tebura a bakin tasha, kun kalli bidiyo biyu a waya, kun sayi sukudireba ɗaya, kun ce ai sana'ar ba wuya: a kwance noti huɗu, a zura ram, a sallami mutum, a kira na gaba. Ba faɗa zan yi muku ba. Ni ma na taɓa yin irin wannan aikin, da furfurata, kuma na ga abin da ya ci.

Kafin a bari in taɓa rediyon farko, sai da na yi kusan shekara ina shara a shagon maigidana Altine, Allah ya jiƙansa, can bayan kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin ranƙwashi. Idan aka kawo masa rikoda ba ya gaggawar kwance ta. Sai ya kunna, ya ɗora bakin sukudireba a jikinta, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Wata rana ya miƙo mini ƙotar ya ce, "Mi kaj jiya?" Na ce waƙa nake ji. Ranƙwashin da na sha ranar, har yau in na tuna sai na shafa wurin.

"Waƙa ta mai kaya ta," in ji shi. "Kai injin za ka saurara."

A haka na koyi yadda robar da ta saki take kuka, da yadda injin da ya bushe yake gurnani, da ɗan shaƙewar da kaset yake yi kafin rikoda ta tauna shi. Ranar da ya yaye ni bai ba ni komai ba sai wannan sukudirebar mai jar ƙota, wadda gefenta ya narke a jikin ƙarfen dalma. Ita ce har yanzu a aljihuna. Rediyo ya ja baya na koma bidiyo, bidiyo ya mutu na koma waya, daga waya na faɗa kwamfuta. Kayan aiki sun canja, na ƙara buroshi da ɗan abin hura iska da mita, amma suna bai canja ba. Har yau Mai Rediyo ake ce mini, kuma kunnen nan ne yake ciyar da ni.

Wani ɗan kasuwar shinkafa daga Ruwan Gizo ya taɓa kawo mini kwamfutarsa, wai tana yin zafi tana kashe kanta, a ƙara mata ram. Da na kara kunne, fankar cikinta ba ta juyawa sai nishi. Na buɗe na tarar da ƙaiƙayi ya cushe ta kamar gidan ɓera, don a kan buhuna yake ajiye ta a wurin sussuka. Na share da buroshi, na ɗiga mai, ta miƙe. Ransa bai so ba, wai ban sa mata sabon abu ba. Wata malamar makaranta kuma daga Bakura ta zo za ta sayar da tata a wulaƙance, wai ta yi nauyi, alhali batir ne kawai ya kumbura. To kun ga, duk "nauyi" suke kiransa, amma ciwon ba ɗaya ba ne.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Ram kamar tabarma ce da ake baza aiki a kai: in ta yi faɗi, aiki ya yi sauƙi, in aka kashe kwamfuta an naɗe ta, ba ta riƙe komai. Faifan ajiya shi ne rumbu, duk abin da mutum ya mallaka yana ciki. Tsohon faifai yana juyawa ne, da wata 'yar allura da ke yawo a samansa tana karantawa. Sabon, wanda ake ce wa SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa yake da sauri kuma ba ya tsoron jijjigar babur. Mai ƙaramin ƙarfi abu ɗaya zai iya saya. Aikinka shi ne ka gane wane ɗayan.

Malam Sahabi ya fara zuwa wurina ne tun ana zaman lafiya. Daga wani ɗan ƙauye yake can bayan Tsibiri, a ƙasar Maradun, gidan malamai ne kaka da kakanni. Ya zo da kwali cike da kasusuwan rikoda da wata tsohuwar gafaka, da kwamfuta 'yar hannu da wani ɗalibinsa ya ba shi. Kasusuwan na tafsirin mahaifinsa ne, marigayi limamin ƙauyen, wanda aka ɗauka a watannin azumi na shekaru da yawa. A cikin gafakar kuma littafin kakansa ne na fiƙihu, rubutun hannu, gefen kowane shafi cike da sharhin ajami da tsohon ya yi da kansa. Yana son a zuba su duka a kwamfuta kafin gara ta gama da su.

Babu wanda zai iya wannan aikin a garin nan sai ni, don ni kaɗai na rage da rikoda mai lafiya. Kaset kuma ba a yi masa gaggawa, sai ya gama juyawa da kansa. Na fi wata biyu ina kunna muryar wannan tsohon a shago, daga safe zuwa la'asar, ina ɗaura inda ya tsinke da ɗan salatif, ina rage shuuu ɗin da ke bayansa. Littafin kuma na ari kyamara wurin mai hoto da ke kusa da ni, na ɗauke shi shafi-shafi a bakin ƙofa inda haske yake. Da na gama na zuba komai a kwamfutar, na kuma yi masa kwafi a faya-fayan sidi. Ya kai sidin gida ya ajiye su a ɗakin karatu, tare da kasusuwan da gafakar. Ina faɗa muku wannan ne don kada wani ya ce ban san abin da ke cikin kwamfutar ba. Ni na zuba shi da hannuna.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun gani da idonku. Hanyoyi suka zama abin da suka zama, direbobi suka daina ɗauko mana saƙo, mutanen ƙauye da ke cika kasuwa ran Talata suka ɗauke ƙafa. Kayan gyara suka ƙare a hannuna. Na sayar da janareto, na sayar da babban faifan da nake ajiye wa mutane kayansu na wucin gadi, na sayi hatsi. Abin da ya rage sai gawarwakin kwamfutoci a ƙarƙashin tebur, ina ciro wannan in liƙa wa wancan. Akwai makon da abin da ya shigo shagon nan bai wuce cajar waya ɗaya ba.

A cikin wannan shekarar aka shiga ƙauyensu Malam Sahabi aka sa wuta. An rasa mutane, cikinsu har da ƙanensa. Ɗakin karatun ya ƙone ƙurmus, da kasusuwan da sidin da gafakar. Kwamfutar ta tsira ne kawai don ranar ya kai ta caji cikin garin Maradun, tunda ƙauyen ba lantarki. Daga ranar, muryar liman da rubutun kakan ba su da wani mazauni a duniya sai wannan faifan guda ɗaya, wanda bai kai tafin hannuna ba.

Wata Talata, saura 'yan makonni azumi, sai ga shi a ƙofar shago. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Na tashi na ba shi kujerata, na durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, an zo lahiya? Ya hanya? Ya munka ji da hanƙuri?"

"Hanƙuri sai ma'abucinai, Mai Rediyo. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Da godiya. Allah shi jiƙan waɗanda anka rasa, shi sa sun huta."

Mun daɗe a haka, ya yi addu'a na shafa. Sannan ya kwance ɗankwalin da ya naɗe kwamfutar a ciki.

"Abin ga ta yi nauyi," ya ce. "In na kunna ta, sai in tahi in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Mutanenmu suna nan Maradun a rakuɓe, ina son in riƙa sa masu karatun Baba in azumi ya kama. Yara sun ce a ƙara mata ram, wasu sun ce batir. Abin da ag gare ni bai wuce na abu guda ba. Kai ka san aikinka, zaɓa mani."

Na kunna ta. Na ciro jar sukudireba na ɗora a gefen da faifan yake, na manna kunne. Da farko juyawa ce lafiya lau. Sai na ji: ƙyas. Shiru. Ƙyas, ƙyas. Allurar ce take neman wuri tana kasa samu, tana komawa tana bugun gefe. Duk wanda ya yi shekara biyu a wannan sana'a ya san ƙarar nan. Faifan da ya fara ta yana iya kai wata uku, yana iya mutuwa kafin magariba, amma ba ya warkewa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. A ƙarƙashin tebur akwai wani faifai na hannu da na ciro daga wata gawa, tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau, kuma ƙarfin Malam ya kai gare shi. Sai dai kwashe kayan zai ci wuni guda, ga shi ba wuta, sai na je na roƙi mai sola. Malam kuma dole ya bi motocin da ke tashi tare kafin azahar, don bayan nan ba mai bin hanyar Maradun. A cikin durowa kuwa akwai ram da ta dace da kwamfutar, aikin minti biyar. Kada in ɓoye muku, gidana ranar ba a ɗora tukunya ba. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne ya hana ni ba. Da na ce ya bar ta ta kwana biyu a wurina, da ya bari.

Abin da ya hana ni shi ne baki. Mu nan an tashe mu a kan cewa ba a kallon idon babba, balle malami, a yi masa mugun fata. Ba a ce wa mutum abinka zai mutu. Sai a kewaya, a ce sai dai addu'a, shi kuma ya gane. Ga mutum a zaune a kujerata, bai daɗe da binne ƙanensa ba, gidansu toka, ya rungumo abu ɗaya da ya rage masa. Na buɗe baki in ce masa wannan ma yana hanyar tafiya, harshena ya ƙi. Sai na kewaya kamar yadda aka koya mana.

"Allah shi gafarta Malam, faifan ga dai ya ɗan kwana biyu."

Ya yi murmushi, wanda ina jin ya daɗe bai yi ba. "Dut mun kwana biyu, Mai Rediyo. Allah dai shi sa mu cika da imani."

Na ce amin. Ni a raina na faɗa masa. Shi a ransa hira muka yi. Malam ya san fiƙihu, ya san nahawu, in ka kewaya masa a kan maganar aure ko gado zai gane kafin ka rufe baki. Amma bai san faifai ba, babu yadda za a yi ya gane abin da ke bayan maganata.

Na kwance noti, na zura ram. Kuma ta yi aiki, abin haushin ke nan. Kwamfutar ta buɗe da sauri fiye da da, ya danna karatu ɗaya, muryar liman ta cika shagon. Malam ya sunkuyar da kai har sai da aka kai aya. Ya sa mini albarka, ya sa wa 'ya'yana. Da zai fita na ce, "Talata mai zuwa, in an samu dama, a kawo ta in ƙara dubawa." Ya ce in Allah ya so. Na raka shi har bakin titi.

Bai zo ba, kuma me zai kawo shi? Nauyin da ke damunsa ya tafi. Da na bar ta yadda take, da wahalar ta sake koro shi wurina ko wurin wani. Ni da kaina na cire abin da zai sa ya dawo, na bar ciwon yana ci a ɓoye. Ku riƙe wannan: gyaran da ya fi kowane haɗari shi ne wanda ya sa mai kaya ya saki jiki.

Azumi ya kama. Wani direba ya ba ni labari cewa kullum bayan la'asar mutanen ƙauyen nan suna taruwa a wani zaure a Maradun, a jona kwamfutar da 'yar sifika, su ji tafsirin limaminsu. Ya ce tsofaffin mata har kuka suke yi daga bayan zana, wai kamar suna gida. Kullum kuma sai an ɗora ta a babur an kai caji an dawo, a cikin wannan zafin. Da na ji ban yi murna ba, don na san abin da jijjiga da zafi suke yi wa faifan da ya fara ƙara. Na ce gobe zan shiga mota. Gobe ta yi aka ce hanya ba kyau. Sai na ce bayan salla.

Ran sha huɗu ga azumi ya iso, ba ma ranar kasuwa ba ce. Gaisuwar ranar ba ta yi tsawo ba.

"Jiya muna tsakiyar karatu ta tsaya," ya ce. "Baba na cikin magana. Na kashe na kunna, sai baƙin allo da wani rubutu."

Ban buƙaci sukudireba ba. Daga inda nake tsaye ana jin ƙarar, ƙyas ƙyas ƙyas, ba hutawa. Na ciro faifan na sa a wani ɗan akwatin faifai mai waya na jona da wata kwamfutar a shagon mai sola, bai fito ba. Na nemo irinsa a cikin gawarwakina, na canja masa allon wutar da ke bayansa, bai fito ba. Saura dabara ɗaya, wadda ba na so ku koya, don ba a yin ta sai an fid da rai. Na naɗe shi a leda uku na kai wa mai sayar da ƙanƙara ya sa a firinji. Wani lokaci sanyi yakan sa ƙarfen ya ɗan saki, faifan ya tashi na ɗan lokaci kaɗan, daga nan kuma shi ke nan har abada. Malam ya zauna a benci yana jan carbi.

Bayan azahar na ɗauko shi da sanyinsa na jona. Ya yi gurnani, ya yi ƙyas sau biyu, sai ga shi ya buɗe. Ga jakar kasusuwa, ga jakar littafi, yadda na rubuta sunayensu da hannuna.

"Malam, ya tashi, amma ba shi daɗewa. Wanne za mu fara ɗauka, karatun ko littahin?"

Ban taɓa yi wa mutum tambayar da na tsana kamar wannan ba. Ya dubi allon. Leɓensa yana motsi, ba na jin abin da yake cewa. Ni kuwa ina jin faifan yana ɗumama a ƙarƙashin yatsana.

"Littahin," ya ce. "Shi na jama'a na. Murya tawa ta."

Na ja jakar littafin. Shafuka suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Kwamfuta ba ta san mai daraja ba, daga farko take farawa. Ta kwashe babin tsarki, ta shiga babin salla, wuraren da kowane ɗalibi ya haddace kuma ana samunsu a kowace kasuwa. Sharhin da kakan ya fi zurfafawa, na gado da na iyakar gonaki, wanda saboda shi ake zuwa gidansu daga nesa, yana can ƙarshe. Ba mu kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba layin ya tsaya. Ƙyas. Ƙyas. Sai wani ƙaramin kuka kamar an ja ƙusa a kan kwano, sai shiru. Na sake kai shi firinji, na sake jonawa. Bai ƙara juyawa ba.

Muka dawo shagona. Na durƙusa ina naɗe masa caja, don in samu abin yi da hannuna. Sai ya kira ni.

"Mai Rediyo. Ranar da nig gane ka ka aza ƙarhen ga ga kunne. Ka ji wani abu?"

Da na ce a'a, da ya yarda, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na ce, "Na jiya, Malam."

"Ka san mi a shi?"

"Na sani."

"To mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"Na ce maka ya kwana biyu, Allah shi gafarta Malam. Nauyinka nij ji."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Wanda yaz zo ya hwaɗa mani an kashe ƙanena," ya ce, "yaro na, ɗan cikina ya girme shi. Bai kewaya ba. Kuma ban ga rashin ladabinai ba."

Ya tashi ya ɗauki ɗankwalinsa, ya bar kwamfutar. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da nake, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Bayan salla na aika faifan Kano wurin wani da ke da ɗakin buɗe irinsu. Ya dawo mini da shi a ambulan, ya ce allurar ta karce fuskar faifan ta zama gari, ko wane ne ba zai iya ba. Yana nan a durowar da ram ɗin take a da.

Tun daga nan ga yadda nake aiki, wanda zai ɗauka ya ɗauka. Ba na kwance noti sai na kara kunne. Ba na tambayar me ke damunta sai na tambayi me ke cikinta, kuma ina ne kwafinsa yake. In aka ce babu, ba na taɓa komai sai an kwashe, ko da mai ita zai yi fushi ya tafi wurinku. In ƙarfin mutum na abu ɗaya ne, faifai nake fara dubawa, sannan fanka, sannan batir. Ram ita ce ta ƙarshe, ita da kowa ke shigowa da sunanta a baki. In kuma na ji ƙarar nan, ko liman ne, ko hakimi, ko surukina, ina duban idonsa in ce: faifanka zai mutu, abin da ke ciki zai tafi, yau za a kwashe. An ce na zama marar kunya da tsufana. Wani alhaji daga Damri har cewa ya yi bakina ba alheri. Na ce na ji, kawo a kwashe.

Da hanya ta ɗan lafa, saƙona ya iso, har da SSD. Na sa wa kwamfutar Malam Sahabi ɗaya, na zuba shafukan da muka tsira da su, na aika masa cewa ta gyaru. Ya zo wata Talata da hantsi. Muka gaisa yadda aka saba, tsaf, ba abin da ya rage daga gaisuwar. Na danna maɓalli, kafin ya gyara zama ta buɗe.

"Kai," ya ce. "Ta yi sauri."

Ya buɗe jakar littafin, ya bi shafukan har inda suka ƙare, ya tsaya. Babu sauran abin da zai buɗe. Ya rufe murfin a hankali ya ɗora hannu a kai.

"Ina rubuta abin da nit tuna na karatun Baba," ya ce. "Ni da tsohin garinmu muna haɗawa. Amma akwai wuraren da munka rasa. Kai ka zauna da kasusuwan ga wata biyu, ba wanda ya ji su dut awa kai. Mi ka tuna?"

Na rufe ido na nema. Wallahi na nema. Na tuna kaset na huɗu yana shaƙewa a tsakiya, sai na sassauta shi da biro. Na tuna wanda aka ɗauka batir na mutuwa, muryar tana sirancewa tana sauri. Na tuna inda na ɗaura da salatif har wuri uku. Amma abin da tsohon ya faɗa, ko jimla ɗaya ban riƙe ba. Maigidana ya koya mini in bar wa mai kaya waƙarsa in saurari injin, kuma na koya da kyau.

"Malam, ban riƙe karatu ba," na ce. A wannan karon ban kewaya ba. "Abin da nit tuna shirme na. Akwai wani kaset da zakara ya yi cara kusa da rikoda, liman ya tsaya ya yi tari, ya yi 'yar dariya, kana ya ci gaba. Shi kaɗai na."

Sai na ga ya ture kwamfutar gefe, ya jawo kujerar kusa da ni har gwiwarsa tana taɓa tawa.

"Dariya?" ya ce. "Na mance shina dariya wurin karatu. Hwaɗa mani wannan ɗin. Fara tun daga zakaran."